Kitson Waya

Kwanakin baya wasu yara biyu da suka gama jami'a suka zo mini har gida, mace da namiji, da wani abu kamar ɗamarar roba a cikin kwali. Wai a goshi ake ɗaura wa yaro, a haɗa da salula, sai a shiga horar da hankalinsa. Wuri suke son buɗewa wajen Ƙofar Nassarawa, an ce musu na daɗe a harkar, shi ne suka zo neman albarka. Na sa musu. Ba ni da ta cewa a kan abinsu, sun fi ni saninsa, kuma ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da namijin ya ce, "Ai Hajiya yanzu aikin ya zama wasa, na'ura ce take yin komai." Ban ba shi amsa ba a lokacin, don ba a yi wa baƙo wa'azi da kofin ruwa a hannunsa. Ga amsar nan yanzu, shi da ire-irensa.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in faɗa a taƙaice. Akwai yaron da lafiyarsa ƙalau, ga wayo, amma hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. A aike shi sayo gishiri, ya dawo da labarin faɗan da ya gani a lungu. Malami yana magana a aji, shi yana bin ƙuda da ido. An yi dukan, an yi faɗan, an yi rubutun sha, yana nan yadda yake. Ni abin da nake yi, in manna masa siraran wayoyi a fatar kai, su ɗauko motsin ƙwaƙwalwarsa su kai wa na'ura. Ba wuta ake sa masa ba, wannan sai na rantse a kowane gida kafin a yarda. Saurare kawai na'urar take yi. A fuskar laftof akwai tantabara: in yaro ya nutsu ta tashi sama, in hankalinsa ya tafi yawo ta sauko ta zauna a katanga. A hankali yake gane yadda nutsuwa take a jikinsa, har ya iya nemo ta ba tare da tantabara ba. Wasu yana yi musu amfani, wasu ba ya yi, kuma duk wanda ya ce muku yana warkar da kowa, ku riƙe aljihunku da kyau.

Kan farko da na taɓa aunawa na wani tsoho ne mai sanƙo, a ɗakin gwajin ƙwaƙwalwa na asibitin da na yi aiki, inda ake duba masu farfaɗiya. Na ce a raina wannan ai kyauta ce, kai fes ba gashi. Likitan da ya koya mini, Baba Dakta muke ce masa, Allah Ya jiƙansa, ya miƙo mini tef irin na tela da jan fensir. Daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, inda suka haɗu nan ne tsakiya, daga nan ake lissafa sauran wuraren. Na auna, na ɗiga, na koma gefe ina jiran yabo. Ya ɗora yatsa a kan ɗigon, ya ce, "Sake." Watanni na yi ban ji wata kalma daga bakinsa ba sai wannan. Shi ya koya mini goge fata da auduga har maiƙo ya fita, da yadda ake sa man manna waya ba yawa ba kaɗan, da yadda ake bambance motsin ƙwaƙwalwa da ƙiftawar ido ko cizon haƙori. Da na kusa ritaya ne ya samo ƙaramar na'urar horarwa, ya zaunar da ni ya nuna mini, ya ce matan cikin gari ba za su riƙa kawo 'ya'yansu asibiti don rashin nutsuwa ba, sai dai a bi su gida.

Haka na shiga lungunan Yakasai da jaka a kafaɗa. A ciki akwai laftof, da na'urar, da batir, da tef, da auduga, da kwalbar man mannawa. Ku da za ku zauna a shago da labule ba za ku san wannan ba. In maƙwabci ya tada janareto, tantabara ta haukace. In fanka na juyawa kusa da waya, haka. Yaran gida su yi cincirindo a bakin ƙofa suna ihun "ta tashi, ta tashi!", kaka kuma tana gefe tana tofa addu'a ko da abin na aljanu ne. Na taɓa aiki da wani yaro a Ƙofar Ruwa da ya gano in ya datse haƙora tantabarar tana tashi. Uwarsa har guɗa ta yi. Ni kuwa ina kallon jijiyar gefen kansa tana rawa, na ce ya buɗe baki kaɗan mu gani, sai ga tantabara a katanga.

Kuma na'urar rabin aikin ce. Sauran rabin a hannun uwa yake, bayan na fita. Nakan bar musu abin yi kullum: yaro ya tsince tsakuwa daga shinkafa rediyo na magana, kada ya ɗago sai ya gama faranti. A ba shi labari, ya tafa duk inda aka ambaci sunan wani mutum guda. A aike shi abu biyu, in ya riƙe a ƙara na uku. A kwantar da shi da wuri, a daina yi masa tsawa daga ɗaki. Gidan da uwa ta riƙe wannan, nakan ga haske. Gidan da aka zuba mini ido ana jiran injin ya yi abin al'ajabi, wahalar adaidaita kawai nake sha.

Maza ba su da wuya, a kai su wurin wanzami a dawo da su. Wahalata 'yan mata ce. Waya ba ta jin komai ta cikin gashi, sai ta zauna a kan fata, fatar ma wadda ba maiƙo. Yarinyar Kano kuwa kanta a kitse yake, an cika shi da mai har yana ƙyalli. Da farko cewa nake a tsefe a wanke kafin in zo. To sau biyu nake zuwa a mako. Wace uwa ce za ta tsefe kai ta sake kitsa shi sau biyu a mako? Yarinya ta sha kuka wurin tsifa, in iso in tarar da ita idanu jawur, sannan in ce ta nutsu ta tada tantabara. Gidaje da dama a kan wannan muka rabu.

A haka aka kai ni gidan su Safiya. Shekarunta sha uku a lokacin, siririya, mai yawan tambaya, ba ta jiran amsar ta farko ta jefo ta biyu. Ta faɗi jarrabawar aji ukun ƙaramar sakandare, tana maimaitawa. Mahaifinta tela ne, mutumin kirki, ba mai hana karatu ba, amma yana da 'yan mata huɗu a bayanta. Ya faɗa a fili cewa wannan ce ta ƙarshe: in ta sake faɗuwa, ta zauna a kan keken ɗinki, a tura ƙannen. Uwarta, Hajiya Rabi, ita ta nemo ni. Safiya kuwa makaranta take so kamar ranta. Ranar farko ta ce mini, "Malama, wallahi ina ji. Kawai in na kai tsakiyar tambaya sai in ga na manta farkonta."

Ranar da na koma na tarar ana mata tsifa a tsakar gida, tana hawaye. Mai tsifar wata dattijuwa ce, Inna Dije, makitsiyar unguwar, wadda rabin matan lungun a gwiwarta suka girma. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai sa a kwance mini aiki kwana uku da yinsa?"

Na ce ni ce, Inna, a yi haƙuri, fata nake nema.

"Fatar duka kan kike so, ko wani wuri?"

Na ce wuri biyu ne kawai, tsakiyar kai da ɗan gaba ta hagu.

"To ki nuna mini mana, baiwar Allah, maimakon ki riƙa sa 'ya'yan mutane kuka."

Na fito da tef na auna, na ɗiga ja. Ta ɗauki kibiyarta ta ja tsaga daga goshi ta bi ta kan ɗigon farko, ta jawo wata daga kunne ta gicciye ta, ta karkato ta uku ta faɗa kan ɗigo na biyu. Ta kitsa sauran ya kewaye wuraren, ta bar fili kamar faɗin kwabo a kowanne, ta hana a sa mai kusa. Da ta gama, kitso ne mai kyau, ba wanda zai ce don aiki aka yi shi. Na manna waya, na'ura ta kama tas, irin kamun da ban taɓa samu a kan mace ba. Na ji daɗi ranar, har rungumar tsohuwar na yi tana ture ni.

Daga nan duk yarinyar da na karɓa, gidan Inna Dije nake fara tura ta. Ita ma ta ji daɗin abinta, tana nuna wa mata, tana cewa ita ta ƙirƙiro. Mata suka sa masa suna kitson waya. Aikina ya buɗe a shekarar, har sai da na riƙa mayar da wasu.

Safiya ta riƙe abin da gaske. Hajiya Rabi kuma uwa ce irin wadda nake nema: shinkafa, labari, aike, ba ta tsallake ko ɗaya. Wajen wata na biyu yarinyar da ba ta iya zama a gama salla ba ta waiwaya ba, ta zauna ta karanta shafi guda ta faɗa mini abin da ke ciki daga farko har ƙarshe. Malamar ajinsu ta aiko tana tambaya ko wani magani aka sa ta. Ba zan ce ta zama ta ɗaya ba. Amma ta fara kai ƙarshen tambaya da farkonta a hannu, kuma muna da sauran rabin tafiya kafin jarrabawa.

Cikin 'yan matan da nake zuwa wa akwai wata a can gaban lungunsu mai farfaɗiya. Likita ne yake duba ta, tana shan maganinta, ni nutsuwar karatu kawai nake taya ta da ita. Iyayenta sun ɓoye ciwon shekara da shekaru, kun san yadda mutanenmu suke da shi. Wata rana ciwon ya buge ta a Islamiyya, a tsakiyar 'yan mata. Ta faɗi, hijabi ya zame, ɗankwali ya fita. Duk wadda take wurin ta ga kitson.

Ba a yi mako ba magana ta gama unguwa, kuma a juye. Ba a ce wata mai kitson waya tana da farfaɗiya ba. Cewa aka yi kitson waya na masu farfaɗiya ne, wai filin nan da ake bari don a riƙa ba su wuta ne. Namiji ba ya ganin kan 'yar mutane, amma mata suna gani: a wurin alwala, a gidan suna, a gidan kitso. Yara suka fara fizge wa juna ɗankwali don a duba. Aka daina shan ruwa a kofi ɗaya da duk wadda aka gani da shi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Gidan da ake shimfiɗa mini darduma, sai in yi sallama a aiko a ce matar gidan ta fita unguwa, ina jiyo muryarta. Na bi gida gida ina bayani, na kai laftof gidan suna na sa wa kaina wayar a gaban mata. Suka yi dariya, suka ce Allah Ya ba da lada, ba wadda ta dawo. Inna Dije ta rasa masu zuwa, har waɗanda ba ruwansu da ni, don kada a ce an gan su a gidanta. Na je ba ta haƙuri. Ta ce, "Ni na yi kitso mai kyau, ke kin yi aiki mai kyau. Bakin mutane ne, wa ya taɓa kitse shi?" Tun daga nan ba ta sake yin irinsa ba.

Hajiya Rabi ba ta ɓuya mini ba, ita a soro ta tare ni. Ta ce a wani biki wata ta ɗaga wa Safiya ɗankwali a gaban mutane, ta ce ashe abin har gidan tela ya shiga.

Na ce, "Hajiya, a sake mata wani kitson. Mu koma tsifa, ni zan riƙa tsefewa da hannuna."

"Malama, ba kitson ba ne yanzu. Jakarki ce. Duk wanda ya ga kin shigo soron nan ya gama lissafi."

"Saura kaɗan fa jarrabawar."

"Na sani. Ni na nemo ki, kin manta? Amma 'ya'ya mata biyar gare ni. In aka ce ciwon nan a jininmu yake, ba Safiya kaɗai zai bi ba. Ki yafe mini."

Tana faɗa tana kuka. Ban ga laifinta ba a ranar, yau ma ban gani ba. Na roƙe ta ta ci gaba da shinkafa da labari, ta ce za ta yi. Daga baya na ji ta yi na ɗan lokaci, amma gidan ya riga ya tsorata da duk abin da ya shafe ni.

Bayan kamar mako biyu, da la'asar, aka yi sallama a gidana. Safiya ce, da kayan Islamiyya, ita kaɗai. Ta gaishe ni, ta zauna a ƙasa, ta cire hijabi. An yi mata shuku, an cika shi da mai. A tsakiyar kan, tsakanin kitso biyu, ta sa reza ta aske fili kamar faɗin kwabo. Ta aske na biyu a gaba ta hagu. Ta ɗan yanke kanta a na biyun, jinin ya bushe.

"Malama, na tuna wurin. Ko ba nan ba ne? Na wanke da sabulu, ba mai."

Na duba. Nan ne, ko tef ba sai na ɗauko ba.

"Umma ta san kin zo?"

Ta girgiza kai.

"Baba fa?"

"Ba wanda zai sani. Kullum in an tashi zan biyo, in yi in tafi. Don Allah, Malama."

Jakar tana rataye a bango, Safiya tana kallonta, ni ma ina kallonta. Ku saurara da kyau, ku masu sabon kwali, don wannan ba a rubuce yake a jikinsa ba. Ba a ɗora waya a kan ɗan mutum ba da yardar iyayensa ba. Ko da kai ne da gaskiya, ko da yaron ne ya roƙa, ko da ka san zai amfana. Ranar da ka yi wa uwa ɓoye a kan 'yarta, ka tashi daga mai wannan sana'a. Na goge mata yankan da auduga, na ɗaura mata ɗankwali da kaina, na riƙe hannunta na raka ta gida. Ba ta yi kuka ba duk tsawon hanyar. Na sake roƙon Hajiya Rabi a soro, har na ce ta riƙa kawo ta gidana da kanta ta ƙofar baya. Ta ga kan yarinyar, ta dafe ƙirji, ta ce a'a.

Safiya ta zauna jarrabawar, ba ta ci ba. Mahaifinta ya cika maganarsa. Ƙannenta duk sun wuce, ɗaya ma tana koyon aikin jinya yanzu.

Ni kuwa na ci gaba da 'yan mazan da suka rage mini, har gwiwa ta hana ni lungu. Maganar kitson ta mutu da kanta kamar yadda maganganun unguwa suke mutuwa, bayan ta gama ɓarnar da za ta yi. Abin yana ci mini rai har yanzu, ba zan ɓoye ba. Ba mu cuci kowa ba, daga ni har Inna Dije, sauƙi muka nema wa yara, sauƙin ya zama tambari a kansu.

Bara kafin ƙaramar salla jikata ta kai ni wurin wata mai ɗinkin hijabai a cikin Yakasai, wai ta fi kowa iya kafaɗa. Ina shiga na gane ta, Safiya ce. Ta girma, da goyo a bayanta. Ta tashi ta ba ni kujera, ta gaishe ni har ƙasa, muka yi ta tambayar mutanen gida. Ta auna ni, ta rubuta, ta ƙi karɓar komai. Har na miƙe zan fita, sai ta ce,

"Malama, in tambaye ki wani abu? Na daɗe ina so."

Na ce tambayi.

"Da kin sa mini ranar nan, da na ci?"

Na so in ce mata a'a, don ta huta. Na so in ce e, don ta san ba kanta ne ya gaza ba. Amma ban taɓa yi wa uwa ko 'ya ƙarya a kan na'urar nan ba.

Na ce, "Safiya, wallahi ban sani ba."

Ta dube ni. Sannan ta gyaɗa kai, ta ce in aiko a karɓi hijabin ranar Alhamis, ta mayar da ƙafarta kan keke.